Lammas ko Lunasa: tambayoyin da mutanenmu ke yawan yi kan bikin girbin 'yan Wicca da Pagan

Duk shekara da watan Yuli ya zo ƙarshe sai tambayoyin nan su dawo, musamman daga mutanenmu masu karatu ko aikin jinya da kula da tsofaffi a Ingila da Ailan da Amurka. Wani yaga maƙwabciyarsa ta jera zangarniyar alkama da kyandir a bakin taga, wata kuma abokiyar aikinta ce ta roƙeta su yi musayar ranar aiki wai tana da "Lammas", wani a TikTok ya gani hankalinsa ya tashi. Shine na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa na amsa, wani abin da idona na gani tunda na jima cikinsu, wani kuma karantawa nayi.

Wai mene ne Lammas ɗin nan, kuma yaushe ake yinsa?

Bikin farkon girbi ne da 'yan Pagan ke yi, wato masu ƙoƙarin farfaɗo da tsoffin addinan Turai na kafin Kiristanci, ranar 1 ga Agusta. Wasu tun faɗuwar ranar 31 ga Yuli suke farawa, don tsoffin mutanen Ailan daga magariba suke fara ƙirga yini, kamar dai yadda muke ƙirga kwanan watan Musulunci. Akwai kuma masu bin lissafin taurari da suke jira sai wajen 6 ko 7 ga wata, wai nan ne ainihin tsakiya tsakanin yini mafi tsawo na watan Yuni da ranar da dare da rana ke daidaita a Satumba.

Suna biyu gare shi, kuma asalinsu ba ɗaya ba. Lammas kalmar tsohon Ingilishi ce, ma'anarta addu'ar burodi, wato ranar da manoma ke kai burodin da aka yi da sabuwar alkama coci a sa masa albarka. Ɗayan kuwa na Ailan ne, a rubuce Lughnasadh, kar rubutun ya firgita ka, Lunasa kawai ake cewa, kuma har gobe haka ake kiran watan Agusta a harshen Ailan. In kana mamakin girbi a Agusta lokacin da a gida ake tsakiyar marka, toh a can alkama da sha'ir ƙarshen Yuli suke nuna, in ka bi jirgin ƙasa a lokacin zaka ga gonaki sun yi jawur injina na ta yanka.

Su waye 'yan Pagan ɗin, arna ne irin Maguzawa?

Kalmar in ka fassara kai tsaye arna ce, kuma su da bakinsu suke kiran kansu haka ba tare da jin an zage su ba. Amma akwai bambanci babba. Bamaguje gadon addininsa yayi, ubansa a kai ya tashi kakansa ma haka. Waɗannan kuwa mafi yawansu 'ya'yan gidan Kirista ne ko gidan da ba ruwansu da addini, da girmansu suka karanta littafi ko suka haɗu da wani suka shiga. Kuma ba ƙungiya ɗaya bace: akwai Wicca masu bautar abar bauta mace da abin bauta namiji mai ƙaho, akwai Druid masu kwaikwayon malaman tsohon addinin Birtaniya da Ailan, akwai masu bin tsoffin gumakan Arewacin Turai irin su Odin da Thor, akwai ma wanda zai ce maka shi bai yarda da wani abin bauta ba, ƙasa da itatuwa da juyin yanayi kawai yake girmamawa.

Yawansu bai kai yadda intanet ke nunawa ba. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales mutum wajen 74,000 ne suka rubuta Pagan, wajen 13,000 kuma suka rubuta Wicca, cikin mutane kusan miliyan 60. Ka ga kenan ko wata unguwa ɗaya a Kano ta fi su.

Abokiyar aikina tace ita "witch" ce. Mayya ce kenan? Wallahi tsoron cin abinci kusa da ita nake.

Hajiya kwantar da hankalinki, nan ne fassara ta fi cutar mu. A makaranta an koya mana witch ita ce mayya, shikenan muka riƙe. Amma ki tuna abin da Bahaushe ke nufi da maita: abu ne da ake cewa ana gada ko a haɗiyi ƙanƙara, maye ya kama kurwar mutum ya ci, kuma babu mai tashi a bainar jama'a yace ni maye ne, sai dai a zarge shi a tilasta masa ya tsallaka mara lafiya. Ita kuwa waccan da kanta ta zaɓi sunan, tana alfahari da shi, ƙila har a rigarta ta rubuta. Kama da wane ba ta wane.

In dole sai an nemo mata ɗan uwa a wajenmu, toh ta fi kusa da boka ko 'yar bori, ba mayya ba. Abin da suke kira sihiri shine a kunna kyandir mai wata kala da niyyar samun aiki, a ƙulla zare, a haɗa ganyayyaki a ƙaramar jaka, a duba da kati. 'Yan Wicca suna da ƙa'ida da suke yawan maimaitawa, wai ka yi abin da kake so muddin baka cutar da kowa ba, da yawansu kuma sun yarda duk abin da ka aika wa wani zai dawo maka ninki uku. Zasu kuma ce miki basa bautar Shaiɗan, su a wajensu Shaiɗan na Kirista ne da Musulmi, babu shi a tsarinsu.

Wannan ba yana nufin na wanke abin bane fa. A ma'aunin addininmu kiran wani abin bauta ba Allah ba shirka ce, sihiri da duba kuma haramun ne ko da kyandir mai ƙamshi aka yi su. Abin da nake cewa kawai, matar nan ba kurwarki take hari ba, ki ci abincinki ki yi azkar ɗinki ki gaishe ta kamar kowa.

Toh takamaimai me suke yi a ranar?

Mafi yawa a gida suke yi, mutum shi kaɗai ko da iyalinsa. Za a share wani ɗan tebur a shimfiɗa ƙyalle ruwan ɗorawa ko ruwan zinari, a ɗora ƙaramin damin alkama, furen nan mai bin rana, kyandirori, tuffa da sauran abin da ya nuna a lokacin, wani har da tsohon lauje da ya saya a kasuwar gwanjo. Babban aikin ranar gashin burodi ne, da hannu ake kwaɓawa, wasu su kitsa shi kamar dami wasu su yi masa siffar mutum (dalilin yana amsa ta gaba). Suna kuma saƙa 'yar tsana da karan alkama, su ajiye ta a gida har shekara ta zagayo ko su binne ta a lambu lokacin shuka. Wannan kam tsohuwar al'adar ƙauyukan Turai ce, damin ƙarshe da aka yanka a gona shi ake saƙawa a kai gida, a yankin Cornwall na Ingila ma har yau ana taruwa a ɗaga damin ƙarshe sama ana shela.

In taro ne, 'yan Wicca suna da ƙananan ƙungiyoyi da a al'ada basa wuce mutum 13, su haɗu a falo ko bayan gida ko wani fili a daji. Shugabar taro zata zana da'ira a kewaye da su da wata wuƙa mai baƙin ƙota, wadda ba a yanka komai da ita, nuni kawai ake yi. Sai a juya kusurwa huɗu ana kira: gabas iska, kudu wuta, yamma ruwa, arewa ƙasa. A kira ababen bautarsu, a yi waƙa da ɗan kiɗa, wani lokacin a yi ɗan wasan kwaikwayo na mutuwar sarkin hatsi, sannan kowa ya faɗi abin da ya "girba" a shekarar. Daga ƙarshe a sa wa burodi da abin sha albarka, giya ce ko ruwan tuffa, a zagaya da su kowa ya gutsira ya kurɓa, a zubar da kaɗan a ƙasa a matsayin rabon ababen bauta, a buɗe da'ira a zauna cin abinci. Awa ɗaya ko biyu an gama.

'Yan Druid sun fi son fili da rana tsaka, sanye da fararen riguna, a wuraren tsoffin duwatsun nan da aka kakkafa kamar Avebury, kuma nasu kowa na iya tsayawa ya kalla. Wasu kuma su shirya wasanni, tsere da jan igiya da gasar waƙa, saboda labarin Lugh da na kawo a ƙasa.

Me yasa burodin yake da siffar mutum? Ana yanka ne, akwai jini?

Babu yanka. Gaskiya ma da yawansu ko nama basa ci. Siffar mutum ɗin alama ce ta tunanin da bikin ya ginu a kai, wato hatsi rai ne da ake kashewa don mutane su rayu, a yanke shi a sussuke a niƙa a gasa, amma irin da aka ajiye ya sake tsirowa baɗi. Sai suka mai da hatsin mutum, abin bautarsu namiji da ke mutuwa a kaka ya dawo. Turawan ƙauye dama suna da tsohuwar waƙa kan wani John Barleycorn, sha'ir ne aka mai da shi mutum ana ba da labarin wahalar da manoma ke ba shi har ya zama giya, 'yan Pagan suka ɗauke ta suka sa a bikinsu. Shi kuma tunanin sarkin da ake kashewa don gona tayi kyau, daga littafin James Frazer na 1890 ya yaɗu, masana na yanzu basu ɗauke shi da ƙarfi ba amma ya riga ya shiga jinin addinin.

Ni kaina ranar da na fara gani a wajen aiki an kwance takarda sai ga burodi da kai da hannuwa da idanu na zabibi, salati na saki a fili har aka juyo ana kallona.

Sun ce addininsu ya girmi Kiristanci da dubban shekaru, haka ne?

Sabuwar fura ce a tsohuwar ƙwarya. Ranar tsohuwa ce, wasu al'adun ma tsofaffi ne, amma addinin da kansa bai kai shekara ɗari ba. Wanda ya fito da Wicca fili sunansa Gerald Gardner, ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne a Malaya da ya yi ritaya ya koma Ingila, yace a 1939 wasu mutane a yankin New Forest suka shigar da shi wata tsohuwar ƙungiyar asiri. A 1951 aka soke dokar maita ta 1735, a 1954 ya buga littafinsa ya bayyana kansa. Wata mata Doreen Valiente ita ta gyara ta kuma rubuta da yawa daga cikin addu'o'in da suke karantawa har yau. Gardner ya jingina ne da ra'ayin Margaret Murray, wadda a 1921 ta rubuta cewa mutanen da aka riƙa kashewa a Turai da sunan maita mabiya wani tsohon addini ne da ya ɓuya. Masana tarihi sun bi takardun shari'o'in sun ga ba haka bane, mutum dubu 40 zuwa 60 da aka kashe ɗin yawanci talakawan Kirista ne da maƙwabta suka yi wa ƙazafi, irin dai abin da muke gani a wasu ƙauyuka in yaro ya yi rashin lafiya a nuna wata tsohuwa.

Shi ma jerin bukukuwa takwas da suke kira zagayen shekara, babu wata tsohuwar al'umma da aka san tana yin duka takwas ɗin. Huɗu na Ailan ne (Samhain a daren shiga Nuwamba, Imbolc a Fabrairu, Beltane a Mayu, sai Lunasa), huɗu kuma ranakun juyin rana ne, a shekarun 1950 ne Gardner da abokinsa Ross Nichols na ɓangaren Druid da mabiyansu suka haɗe su wuri ɗaya. Farfesa Ronald Hutton na jami'ar Bristol ya bi diddigin wannan duka a littattafansa na 1996 da 1999, kuma abin da ya burge ni, yawancin masu ilimin cikinsu sun karɓa basu yi gardama ba. Yanzu in ka zauna da wanda ya san abin da yake yi zai ce maka eh sabo ne, kuma bai dame shi ba. Sabbin shiga na TikTok ne ke ta kurin dubban shekaru.

Abin dariyar ma, sunan Lammas da 'yan Wicca suka fi amfani da shi na coci ne tsantsa, kamar yadda na faɗa a amsar farko.

Shi Lugh ɗin da ake ta ambata waye?

Ɗaya ne daga cikin ababen bautar Ailan kafin Kiristanci, ana siffanta shi da gwanin kowace sana'a, ƙira da yaƙi da kiɗa da waƙa. Labarin da malaman coci na Ailan suka rubuta daga baya yace uwar goyonsa Tailtiu ce ta sare dazuzzuka ta mai da su gonaki har gajiya ta kashe ta, shi kuma ya kafa taron wasanni duk shekara don tunawa da ita. Wurin yana nan, Teltown a gundumar Meath, kuma taron ba tatsuniya bace, an daɗe ana yinsa da tseren dawaki da kasuwa da shari'a a gaban sarki. Har auren gwaji ake cewa ana ɗaurawa a wajen, na shekara ɗaya da kwana ɗaya, in zama bai yi daɗi ba a dawo wurin kowa ya juya baya ya kama gabansa. Shi yasa wasu 'yan Pagan ke zaɓar wannan lokacin su yi ɗaurin aurensu na ɗaure hannun ango da amarya da igiya. Bayan Ailan ta samu 'yanci ma gwamnati ta farfaɗo da wasannin a 1924 da 1928 da 1932.

Ga talakan Ailan kuwa ma'anar ranar a ciki take. Yuli watan yunwa ne a wajensu, tsohon abinci ya ƙare sabo bai nuna ba, Lunasa ce ranar da aka halatta a taɓa sabon amfani, daga baya da dankali ya zama abincinsu ita ce ranar fara haƙarsa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina, ya kuma san daɗin tumun farko, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Na ji wani kuma wai Mabon, shi ma na girbi ne?

Eh, girbi uku suke ƙirgawa. Lammas na hatsi, Mabon wajen 21 zuwa 23 ga Satumba na 'ya'yan itace da kayan lambu, sai Samhain (Sawin ake faɗa) daren 31 ga Oktoba, lokacin da a da ake yanka dabbobin da ba za a iya ciyarwa da hunturu ba, su kuma yanzu suka mai da shi daren tuna matattu, shine ya faɗo rana ɗaya da Halloween. Sunan Mabon wani Ba'amurke Aidan Kelly ne ya laƙaba wajen 1970, ya ɗauko daga wani gwarzon tatsuniyar Wales da babu abin da ya haɗa shi da girbi, har yau wasu 'yan Birtaniya na cikinsu haushin sunan suke ji.

Mutanen da ko fartanya basu taɓa riƙewa ba, girbin me suke murna?

Nima na yi wannan tambayar, ba da wasa ba. Yawancinsu 'yan birni ne, garin alkamar ma a kanti suka saya. Amsar da suke bayarwa ita ce girbin ba sai na gona ba, abin da ka shuka a rayuwarka tun farkon shekara shi kake dubawa, karatu ne ko sana'a ko barin shan taba, me ya nuna me ya lalace me ya kamata ka yanke ka yar. Wasu suna da ɗan lambu na haya inda suke noma tumatir da wake, wasu su je daji tsinkar 'ya'yan itace, da yawa kuma su kai kayan abinci wuraren da ake raba wa mabuƙata.

Ni a ganina abin da ke jansu kewa ce. Mutum ya tashi bai san lokacin da alkama ke nuna ba, tumatir na kanti rani da hunturu, sai ya ji kamar an yanke shi daga ƙasa, shine yake neman hanyar komawa. Mu da muka baro gida ma wani lokacin ƙamshin gasasshiyar masara kawai zai tayar mana da irin wannan.

Makarantar yarana ta aiko takarda wai bikin girbi, a kawo abincin gwangwani. Shine wannan?

A'a, wannan daban ne. Na makaranta ana yinsa ƙarshen Satumba ko Oktoba, kuma daga cocin Ingila ya fito, wani limamin coci Robert Hawker ne ya fara shi a ƙauyen Morwenstow na Cornwall a 1843. Abin da ake yi yara su kawo taliya da wake da madara a tara a kai wa mabuƙata, a yi 'yan waƙoƙi. Babu da'ira babu kiran ababen bauta. Sai dai in makarantar ta coci ce ana iya kai yaran cikin coci a yi addu'a, kuma doka ta ba iyaye damar cire yaro daga ɓangaren ibada, wasiƙa kawai zaki rubuta wa shugaban makaranta. Kayan abincin kuwa ki bayar da niyyar sadaka.

An gayyace ni, ko an miƙo min burodin. In je? In ci?

A raba abu biyu. Shiga cikin da'irar, amsa waƙar, karɓar burodin da aka riga aka sa wa albarka da sunan abin bautarsu, wannan ibadarsu ce, ba wajen Musulmi bane, ga kuma giya da ke yawo a kofi ɗaya. Ba sai ka yi wa'azi ko ɓata rai ba, kace na gode addinina bai bani dama ba, shikenan. Abin da na lura basa jin haushi, don su basa kiran mutane zuwa addininsu, kuma sun saba da a guje su, wanda ya ƙi cikin mutunci ma girmama shi suke.

Burodin da maƙwabciya ta gasa da yawa ta aiko maka kamar yadda muke rabon abincin Sallah kuwa, tambaya zaka yi, an yi masa wani abu ne ko daga murhu ya fito, kuma da me aka kwaɓa, don wasu suna zuba giya a kwaɓin ko man alade. Zasu faɗa maka gaskiya. In zuciyarka bata kwanta ba ka bari, hukuncin dalla-dalla kuma ka kai wa malamin masallacinku tare da bayanin da ke amsar "takamaimai me suke yi", don kar ka je kace masa mayu ne suka baka abinci ya baka fatawar abin da ba shi ne ya faru ba.

Gwamnati ta san da su? Har hutu ake basu?

Ta sani. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 da ta hana a nuna maka bambanci saboda sallah ko hijabi ita ce dai ta rufe su, don haka ka kiyaye bakinka a wajen aiki, tsokanar abokin aiki da "maye" na iya kai ka gaban kwamiti. Hutu kuwa babu na musamman, cikin kwanakin hutunsu suke ɗauka kamar yadda muke yi ranar Idi. Gidajen yari suna da masu kula da ibadarsu, kuma 'yan Pagan ɗin suna da ƙungiyarsu tun 1971. A Amurka kotu ta amince Wicca addini ne tun 1986, a 2007 kuma aka yarda a sa tauraronsu mai tsini biyar a kan kabarin sojan da ya mutu yana bin addinin.

Ba kamar kalankuwa ba kenan?

Ta wani gefen. Duk inda ake noma da ruwan sama akwai murnar kaka, mu muna da kalankuwa da dambe da kokawa da bukukuwan aure da ake tarawa sai an kai amfani gida, Inyamurai suna da bikin sabuwar doya, kuma wasannin Teltown ɗin can da kasuwarsu da neman aurensu sun fi kama da kalankuwa fiye da abin da 'yan Wicca ke yi a falo yau. Ɓangaren ba ababen bauta rabonsu kafin a ci kuwa ya fi kama da na Maguzawa da Aznan Nijar masu yi wa iskoki yanka saboda gona. Bambancin shine su waɗancan da gaske rayuwarsu na rataye da damina.

Manomi Musulmi shi ma yana da abin da ake binsa ranar girbi, a Suratul An'am aka ce a ba da haƙƙinsa ranar girbe shi, wato zakka, dami ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin ashirin in ban ruwa aka yi da wahala. Na taɓa faɗa wa ɗaya daga cikinsu haka, ta daɗe tana jinjina kai, don ita a zatonta addinan Littafi babu ruwansu da gona.

Ina Ailan, akwai inda zan ga ragowar tsohon bikin ba na 'yan Wicca ba?

Akwai, sai dai ya sa rigar coci ko ta kasuwa. Lahadin ƙarshe ta Yuli dubban mutane ke hawa dutsen Croagh Patrick a gundumar Mayo, tsayinsa mita 764, wasu ba takalmi, yanzu ziyarar Katolika ce amma Máire MacNeill da ta tattara al'adun Lunasa a littafinta na 1962 ta nuna hawan duwatsu a wannan lokacin tsohuwar al'adar bikin ce, har da tsinkar wasu 'ya'yan itace shuɗaye ƙanana da samari ke kai wa 'yan mata. A garin Killorglin na Kerry kuma daga 10 zuwa 12 ga Agusta ake kamo bunsurun daji a naɗa shi sarki, a yi kasuwar dawaki da shanu, kwana uku sannan a mai da shi dutse. In Arewacin Ailan kake, Ballycastle suna da kasuwar Lammas ranar Litinin da Talatar ƙarshe na Agusta. In dutsen zaka hau ka tafi da takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa, duwatsun saman suna zamewa kuma hazo na iya rufe ka ko da ka baro ƙasa rana na haske.